Rufin asiri

Rufin asiri kalma ce ta Hausa da ke nufin halin da mutum ko gida yake ciki idan yana iya biyan buƙatunsa na yau da kullum, kamar ci da sha da sutura da wurin kwana da hidimomin da al'ada ta ɗora masa, ba tare da ya kai ga roƙo ko mutane sun ga gazawarsa ba. Wanda ke cikin rufin asiri ba a kiransa mai kuɗi, kuma ba a kiransa matsiyaci. Ana amfani da kalmar a wata ma'ana ta biyu, wato ɓoye laifi ko aibin wani don kada ya tozarta.

A ƙasar Hausa rufin asiri ma'auni ne da mutane da yawa ke auna shawarwarinsu da shi: abin da za a shuka, lokacin da za a sayar da hatsi, wanda za a nemi rance a wurinsa, da hidimar da za a iya ɗauka. Saboda haka kalmar tana da alaƙa da tambayoyi uku da masana ilimin halayyar ɗan Adam ke nazari a kansu, wato yadda mutum ke zaɓi idan ba shi da tabbas, abin da ke sa shi farin ciki, da abin da ke sa ya ga rayuwarsa tana da ma'ana. Ana ganin wannan ƙarara a yankunan noma irin su Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa a kudancin Jihar Kano.

Asalin kalmar da yadda ake amfani da ita

Kalmar ta haɗu ne daga "rufi" da "asiri". Ita "asiri" ararriya ce daga Larabci, tushenta ɗaya da "sirri". Asirin da ake nufi a nan shi ne halin cikin gida: ko akwai hatsi a rumbu, ko an ɗora tukunya yau, ko maigida yana da bashi a kansa. Idan waɗannan suka fita waje har maƙwabta suka sani, sai a ce asiri ya tonu.

Kalmar tana yawo a bakin mutane kullum. Ana addu'a da "Allah ya rufa asiri", a amsa da "amin". Idan aka tambayi ɗan kasuwa yadda sana'a take, yakan ce "ana samun na rufin asiri", ma'ana ribar ba ta da yawa amma tana riƙe gida. Ana kuma kiran aure rufin asiri, haka ma sana'a da tufafi. Musulmi da Kiristocin da ke magana da Hausa duk suna amfani da ita.

A koyarwar Musulunci akwai kalmomi biyu na kusa da ita: kafafu, wato arzikin da ya isa ba tare da rara ba, da ƙana'a, wadda Hausawa ke kira wadatar zuci. Irin wannan tunani ya bayyana a wasu al'ummu ma. A shekarar 1776 masanin tattalin arziki Adam Smith ya lura cewa abubuwan larura ba su tsaya ga abin da jiki ke buƙata ba, sun haɗa da duk abin da mutum zai ji kunyar fita cikin jama'a ba tare da shi ba. Daga baya Amartya Sen na Indiya ya gina wani ɓangare na bayaninsa game da talauci a kan wannan magana.

Ma'aunin yanke shawara

Tsohon ra'in tattalin arziki yana ɗauka cewa mutum yakan jera duk zaɓin da ke gabansa, ya lissafa ribar kowanne, sannan ya ɗauki mafi tsoka. A shekarun 1950 Herbert Simon na Amurka ya ƙalubalanci wannan. Ya ce ɗan Adam ba shi da cikakken sani ko isasshen lokacin yin irin wannan lissafi, don haka abin da yake yi a zahiri shi ne ya sa wa kansa wani mizani, ya nemi zaɓin da ya kai mizanin, in ya samu ya tsaya. An ba Simon kyautar Nobel a 1978. Rufin asiri mizani ne irin wannan, sai dai jama'a ne suka shata shi tare, ba kowa da nasa ba.

A 1979 Daniel Kahneman da Amos Tversky suka nuna cewa mutane ba sa auna sakamako da yawan dukiyar da za su mallaka a ƙarshe. Suna auna shi ne daga wani matsayi da suka ɗauka a matsayin tushe: abin da ya haura shi riba ne, abin da ya gaza asara. Sun kuma gano cewa zafin asara ya fi daɗin riba mai girma ɗaya, kuma gwaje-gwajensu na baya sun kiyasta bambancin da kusan ninki biyu. Karin maganar "ƙwai a baka ya fi kaza a akurki" yana bayyana wannan hali.

Ga manomi, gudun asara yana da dalili na lissafi. A misali, a ce gida yana buƙatar buhu 20 na hatsi a shekara. Tsari na farko yana ba da buhu 25 ko damina ta yi kyau ko ba ta yi ba. Tsari na biyu yana ba da buhu 45 a shekara mai kyau, da buhu 12 a shekarar da ruwa ya yi gardama. Idan shekarun biyu suna zuwa daidai wa daida, matsakaicin tsari na biyu ya haura buhu 28, wato ya fi na farko. Amma a shekarar buhu 12 maigida zai ci bashi, ko ya sayar da shanun huɗa, ko ya jinginar da gona, kuma waɗannan ba sa dawowa da sauƙi ko da shekara mai zuwa ta yi albarka. Wanda ya zaɓi buhu 25 ya sayi rufin asiri ne da buhu uku da ɗoriya a kowace shekara. James Scott, a littafinsa na 1976 kan manoman kudu maso gabashin Asiya, ya bayyana wannan a matsayin ƙa'idar fara tabbatar da tsira kafin neman riba.

A gonakin kudancin Kano

Bebeji da Kiru mazaɓa ɗaya ce a majalisar wakilai ta tarayya, Tudun Wada da Doguwa su ma mazaɓa ɗaya. Doguwa, wadda hedikwatarta ke Riruwai, ita ce ƙarshen jihar ta kudu. Yankin ya fi arewacin Kano samun ruwan sama da tsawon damina, shi ya sa ake noma masara, shinkafa, dawa, waken suya, rake, gyaɗa da wake. Duk da haka rashin tabbas bai bar manomi ba. Ruwa na iya ɗaukewa bayan shuka ko ya yi yawa ya kwantar da shinkafar fadama. Wuta-wuta na cin dawa da masara, tsutsar da ta shigo Najeriya a 2016 ta zama abokiyar gabar masara, farashin takin zamani yana hawa, kuma ƙauyukan da ke kewaye da dajin Falgore sun sha fama da ɓarayin shanu.

Haɗa shuka

Sananniyar dabara ita ce haɗa iri biyu ko uku a gona ɗaya, kamar gero da dawa da wake. Gero yana nuna da wuri ya tare yunwar tsakiyar damina, dawa ta biyo baya, wake kuma ya ba da abinci da harawa. Malaman gona na zamanin Turawa da na farkon samun 'yancin kai sun daɗe suna ganin wannan ci baya ne, suna kira a koma shuka iri ɗaya. Daga tsakiyar shekarun 1960 David Norman na Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ya bibiyi gidajen manoma a ƙauyuka uku na kusa da Zariya, inda yanayi ya yi kama da na kudancin Kano. Sakamakon da ya wallafa a 1974 ya nuna cewa haɗa shuka ya fi ba da amfani a kan kowace eka, ya fi biyan wahalar noma a lokacin da aiki ya fi matsewa, kuma abin da ake samu bai cika hawa da sauka daga shekara zuwa shekara ba. Wato a wannan fage taka-tsantsan ɗin manomi bai ma jawo masa asarar riba ba.

Gyaɗa da auduga

Neman rufin asiri ba ya nufin ƙin sabon abu. Lokacin da layin dogo ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga kaya a 1912, ƙungiyar masu masaƙu ta Ingila ta sa rai cewa ƙasar Kano za ta cika jiragen da auduga. Manoma suka juya ga gyaɗa. Masanin tarihin tattalin arziki Jan Hogendorn, a littafinsa na 1978, ya kawo dalilan: gyaɗa ta fi biyan wahalar da aka sha, masaƙan gida suna sayen auduga da farashin da ya fi na Turawa, sannan idan shekara ta ɓaci ana iya cin gyaɗa amma ba a cin auduga. Yunwar da ta biyo fari na 1913, wadda ake tunawa da ita da sunan Kakalaba, ta nuna nauyin wannan dalili na ƙarshe.

Fataken Hausa ne suka kai labarin farashin gyaɗa ƙauyuka, suna ba da kuɗi da gishiri da tufafi tun kafin kaka. Wanda ya fi shahara a wannan ciniki daga baya shi ne Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877 cikin zuriyar Agalawa. Ya fara da fataucin goro a hanyar Gwanja, ya koma sayen gyaɗa, ya rasu a 1955 yana cikin manyan attajiran Afirka ta Yamma. Tarihin gyaɗa ya nuna cewa manoman yankin suna rungumar sabon abu da sauri idan ribarsa a bayyane take kuma faɗuwarsa ba za ta bar gida da yunwa ba.

Madatsar Tiga da alkama

An gina madatsar ruwa ta Tiga a kan Kogin Kano tsakanin 1971 da 1974, zamanin gwamna Audu Bako, aka kuma tashi ƙauyuka da dama daga wurin da ruwan ya mamaye. Ruwan madatsar ne ke shayar da gonakin rani na Kadawa, Kura, Bunkure da Garun Malam. Masu tsara shirin sun so a noma alkama da rani. Sai dai alkama tana son a shuka ta a farkon hunturu don ta samu sanyi, a daidai lokacin da dawar gargajiya ba ta gama nuna ba. Manomin da ke son alkama a kan lokaci dole ya bar dawa a wannan gona, ya dogara da kasuwa wajen abincin gidansa. Masu bincike irin su Tina Wallace, da Gunilla Andrae da Björn Beckman a littafinsu na 1985, sun rubuta yadda manoma da yawa suka ƙi sakin dawa. Jami'ai sun ɗauki hakan taurin kai, alhali ga maigida rumbun dawa shi ne abin da ke tsakaninsa da tonon asiri. Da tafiya ta yi tafiya, tumatir da shinkafa da albasa suka samu karɓuwa sosai a yankin, domin kasuwarsu ta fi jan hankali.

Kaka da marka

Shekarar manomi tana da fuska biyu. Da kaka hatsi ya yi yawa, farashi ya faɗi, kuma a lokacin ne bukukuwan aure, biyan bashi, gyaran ɗaki da ɗinkin iyali ke taruwa. Da marka, wajen Yuli da Agusta, rumbu ya yi ƙasa, farashi yakan tashi, ga aikin gona yana neman kuɗi. Gidaje da yawa suna sayar da masara da araha a ƙarshen shekara, su dawo su saye ta da tsada bayan wata bakwai ko takwas. Manomi ya san da wannan sarai. Abin da ke tura shi shi ne buƙatar yau tana da ido, ta gobe kuwa ba a ganinta, kuma rashin biyan bashi ko rashin yin hidimar ɗiya tonon asiri ne na nan take.

Masana sun yi nazarin wannan a wasu ƙasashe. A 2013 Anandi Mani, Sendhil Mullainathan, Eldar Shafir da Jiaying Zhao sun gwada manoman rake 464 a jihar Tamil Nadu ta Indiya kafin girbi da bayansa, suka ga mutanen sun fi yin ƙoƙari a gwajin tunani bayan kuɗi sun shigo hannu. Bayaninsu shi ne damuwar rashi tana cinye wani kaso na hankalin mutum, ta bar masa kaɗan na tsara gaba. Wani bincike da aka yi a Amurka a 2016, kafin ranar albashi da bayanta, bai samu irin wannan bambanci ba, don haka ana ci gaba da muhawara kan girman tasirin.

A yammacin Kenya, Esther Duflo, Michael Kremer da Jonathan Robinson sun gano cewa manoma da dama suna da niyyar sayen taki amma kuɗin kan ƙare kafin lokacin shuka. Da aka ba su damar biyan kuɗin takin nan da nan bayan girbi, tare da kai musu har gida kyauta, masu amfani da taki suka ƙaru. Darasin shi ne lokacin da aka gabatar wa mutum da zaɓi yana iya canja abin da zai zaɓa. Hausawa suna da nasu dabarun ɗaure hannu: sayen ɗan tunkiya ko ɗan maraƙi da kaka don a yi kiwo a sayar gab da damina ko Babbar Salla, zuba adashi, ba wa amintacce ajiya, da ware rumbun da ba a buɗewa sai damina ta faɗi. Duka suna mayar da kuɗi wani abu da ke da wuyar taɓawa. Buhunan ajiya masu ruɓi uku da ke hana ƙwari shaƙar iska sun ƙara sauƙaƙa jinkirta sayar da wake da masara.

Matakan kare asiri

Idan shekara ta ɓaci, gidaje ba sa faɗawa cikin roƙo kai tsaye. Michael Watts, wanda ya yi bincike a Kaita ta ƙasar Katsina bayan fari na farkon shekarun 1970 ya kuma wallafa littafinsa a 1983, ya nuna cewa akwai jeri da ake bi. Ana farawa da abin da za a iya gyarawa daga baya: rage yawan abinci, haɗawa da ganyaye irin su tafasa da rama, yin ƙwadago, neman hatsi wurin dangi, tafiya cin rani. Sai a kai ga sayar da awaki da tumaki, sannan cin bashin hatsi wurin 'yan kasuwa. Jinginar da gona, sayar da ita da ƙaura gaba ɗaya su ne na ƙarshe. Kowane mataki ya fi na bayansa wuyar komawa, kuma ya fi shi fitowa fili.

Zumunci ma yana aiki kamar inshora. A 1988 da 1989 Christopher Udry ya bibiyi basussuka a ƙauyuka huɗu na kusa da Zariya. Ya ga yawancin rancen tsakanin mutanen da suka san juna ne, ba takarda, ba jingina. Abin da ya fi jan hankali shi ne adadin da ake biya da lokacin biya suna sauyawa bisa abin da ya samu ɓangarorin biyu. Idan wanda ya ci bashi ya gamu da ambaliya ko rashin lafiya, ana sassauta masa. Idan mai bashin ne ya shiga matsi, wanda ya karɓa yakan biya da wuri ko ya ƙara. Ta haka asarar mutum ɗaya take rarrabuwa a kan mutane da yawa ba tare da an kira ta sadaka ba.

Mata suna da babban matsayi a wannan tsari. Awaki da kaji, kuɗin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, turara shinkafa, adashi da kayan ɗaki dukiyar mace ce ta kanta, amma sau da yawa su ake juyawa a rufa wa gida asiri idan rumbun maigida ya ƙare. Gudummawar biki da mata ke yi wa juna, wadda ake mayarwa idan hidimar ɗaya ta zo, ajiya ce a hannun ƙawaye. Gayya, gandu, zakkar hatsi da ciyayya tsakanin maƙwabta duk suna cikin wannan saƙa.

Alaƙarsa da farin ciki

Masana suna raba farin ciki gida biyu. Akwai yadda mutum ke ji a yini, kamar dariya, damuwa, fushi ko nishaɗi. Akwai kuma hukuncin da yake yanke wa rayuwarsa gaba ɗaya idan ya zauna ya duba ta, wanda ake aunawa da tambayar tsani mai hawa daga 0 zuwa 10. Hausa ma tana bambanta murna da jin daɗi, waɗanda ke zuwa su wuce, da kwanciyar hankali, wadda ke daɗewa. Rufin asiri ya fi kusa da kwanciyar hankali.

Wannan bambanci yana taimakawa wajen fahimtar wani abu da ya ɗaure wa mutane kai. A 2003 mujallar New Scientist ta ruwaito wani binciken jin ra'ayi na ƙasashe sama da 60 wanda a cikinsa Najeriya ta fi kowace ƙasa yawan masu cewa suna cikin farin ciki sosai. Amma a rahoton farin ciki na duniya da aka fara fitarwa a 2012, wanda ke amfani da tambayar tsani, Najeriya ba ta kusa da sahun gaba. Tambayoyin biyu ba abu ɗaya suke aunawa ba. Haka kuma al'adar godiya tana shafar amsa, domin wanda aka tambaya "ina gajiya" ya ce "ba gajiya" ba rahoton jikinsa yake bayarwa ba.

Game da kuɗi, binciken Kahneman da Angus Deaton na 2010 da waɗanda suka biyo baya sun yi saɓani kan ko akwai iyakar da ƙarin kuɗi ke daina ƙara jin daɗi. Abin da suka haɗu a kai shi ne ƙarin kuɗi ya fi yin tasiri a wurin wanda ke ƙasa. Naira dubu goma a hannun wanda ba shi da abin cefane ta fi sauya rayuwa fiye da a hannun attajiri. Hikimar da ke cikin rufin asiri ta dace da wannan, domin tazarar da ke tsakanin rashi da isa ta fi wadda ke tsakanin isa da yalwa nauyi a zuciya.

A 2002 Barry Schwartz da abokan aikinsa sun kwatanta masu neman mafi kyau a komai da masu tsayawa idan sun samu abin da ya wadatar. Rukuni na farko ya fi yawan nadama da kwatanta kai da wasu, kuma ya fi ƙarancin gamsuwa. Hausawa sun taƙaita wannan da cewa "kwaɗayi mabuɗin wahala".

Ma'anar rayuwa

Viktor Frankl, likitan ƙwaƙwalwa ɗan Austiriya da ya tsira daga sansanonin 'yan Nazi, ya rubuta a 1946 cewa neman ma'ana yana cikin manyan abubuwan da ke riƙe ɗan Adam, kuma wanda ke da wani ko wani aiki da ke jiransa ya fi jure wuya. Masana na baya, irin su Frank Martela da Michael Steger a 2016, sun raba ma'ana kashi uku: mutum ya fahimci abin da ke faruwa da shi, ya kasance yana da abin da ya sa gaba, ya kuma ji cewa kasancewarsa tana da muhimmanci.

Rufin asiri yana taɓa dukkansu. Nauyin ciyar da iyali, aurar da 'ya'ya, kula da tsofaffin iyaye da sauke baƙo yana ba mutum abin da zai tashi dominsa kowace safiya. Imani da ƙaddara da tawakkali suna ba shi hanyar fahimtar shekarar da ta ɓaci ba tare da ya ɗora wa kansa dukan laifi ba. Kasancewa wanda ake zuwa wurinsa shawara ko rance yana tabbatar masa da cewa yana da amfani. Emmanuel Grégoire, a nazarinsa na 1986 kan Alhazan Maraɗi, ya nuna yadda ake auna girman attajiri da "arzikin mutane", wato yawan waɗanda ke ci a ƙarƙashinsa. A mataki mafi girma ke nan mai rufin asiri ya zama mai rufa wa wasu.

A laccarsa kan mutumin kirki da aka wallafa a 1974, Anthony Kirk-Greene ya lissafa halaye goma da Hausawa ke yabo: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Dukiya ba ta cikin jerin, amma karamci da mutunci suna da wuyar riƙewa ga wanda asirinsa ya tonu. A 2014 Shigehiro Oishi da Ed Diener sun duba bayanan ƙasashe 132, suka ga mazauna ƙasashe masu arziki sun fi gamsuwa da rayuwa, amma mazauna ƙasashe matalauta sun fi cewa rayuwarsu tana da ma'ana, kuma riƙo da addini ya bayyana wani ɓangare na bambancin.

Suka da muhawara

Akwai masu ganin rufin asiri yana da illa ta fuskoki da dama. Na farko, son ɓoye hali yana sa wasu su yi shiru da cuta, musamman ciwon damuwa da sauran larurorin ƙwaƙwalwa, har sai abu ya yi nisa kafin a je asibiti. Haka ma matsalolin aure da cin zarafi, inda akan matsa wa wanda aka zalunta ya yi shiru da sunan rufa wa dangi asiri.

Na biyu, mizanin yana tashi. Abin da ya isa kayan ɗaki ko lefe shekaru arba'in da suka wuce bai isa yau ba, kuma hotunan bukukuwa a Facebook da TikTok suna faɗaɗa da'irar waɗanda mutum ke kwatanta kansa da su. Idan aka sayar da hatsin shekara ko aka ci bashi don a fita kunyar biki, abin da aka yi don rufin asiri shi ne zai tona shi da marka. Tsadar rayuwa da ta biyo cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 ta ƙara wannan matsi a kan gidaje da yawa.

Na uku, Amartya Sen da Jon Elster sun yi gargaɗi cewa wanda ya daɗe cikin rashi yakan rage burinsa ya daidaita da abin da yake iya samu. Don haka jin mutum yana cewa "alhamdu lillahi" ba hujja ba ce ga hukuma cewa ba ya buƙatar asibiti, makaranta ko hanya. Masu kare ra'ayin wadatar zuci suna amsawa da cewa godiya ba ta hana nema, kuma tarihin fatauci da cin rani na Hausawa shaida ne.

A ɓangaren ilimi kuma, Joseph Henrich da abokan aikinsa sun nuna a 2010 cewa kusan kashi 96 cikin 100 na mutanen da ake gwaji a kansu a manyan mujallun ilimin halayya sun fito ne daga ƙasashen da ke da kashi 12 kacal na al'ummar duniya. Yawancin waɗannan gwaje-gwaje suna ɗaukar mutum shi kaɗai a gaban zaɓi. A karkarar Kano kuwa shawara kan gona, aure ko tafiya takan bi ta wurin iyaye, yayye, matan gida da malamai, wani lokaci a haɗa da istihara, kamar yadda karin magana ya ce "shawara ɗaukar ɗaki". Wannan ne ya sa masu tsara shirye-shiryen noma, rance da inshora suke ƙara mai da hankali ga tambayar da maigida ke yi kafin ya karɓi sabon iri ko bashin banki, wato abin da zai rage a rumbu idan abin bai yi ba.

Duba kuma

Haƙuri
Wadatar zuci
Adashi
Gandu
Cin rani
Madatsar ruwa ta Tiga
Alhassan Ɗantata
Ilimin halayyar ɗan Adam